Wayar da Ke Ganin Hannu

Dogo direban tirela ne, kuma idan yana gida babu wanda ya kai shi surutu da Auta, duk da ba a jin ko tari. Auta kurma ce tun haihuwa. Da hannu suke magana, shi da 'yarsa, su yi gulmar kowa a gidan, har matarsa ta gaji ta jefe su da matashin kai.

Amma da zarar ya hau hanya sai ya zama baƙo. Idan ya yi kiran bidiyo, tsohuwar wayarsa hancinsa kawai take nunawa da rabin gemu. In ya ja baya don hannuwansa su shigo, sai yatsun su narke su zama hayaƙi. Auta ta yi haƙuri iya haƙurinta, daga baya ta daina zuwa. A tafiyarsa ta ƙarshe, uwar ta miƙa mata wayar, yarinyar ta kalle shi sau ɗaya ta juya masa ƙeya. Wannan abu ya yi masa ciwo ƙwarai, domin kurma in ta juya baya ta rufe ƙofa ke nan, ba ka da ta inda za ka kira ta.

Ana gobe zai sake tafiya mai nisa, ya shiga wani shagon waya da ke ƙasan bene, mai kantar gilashi da fanka da ke ta ƙara ba iska. Mai shagon matashi ne mai zaƙin baki, ya zuba masa wayoyi a kan kanta ya fara waƙa.

"Yallaɓai, wannan ido huɗu gare ta a baya. Ka ɗauki hoton wata da ita, ka ga duwatsun cikinsa."

"Ba ni da harka da wata, ƙanena. Idon gaba nake so."

"A'a, ashe yallaɓai ɗan gayu ne. To ga wadda za ta goge maka fuska, ka koma saurayi."

Dogo ya karɓi wayar. Ya jingina ta da kofin shayin mai shago, ya kunna kyamarar gaba, ya auna nisa da damtsensa daidai yadda kujerarsa take da gaban mota, ya fara motsa yatsu da sauri. Mai shago ya leƙa sama ko ƙuda ne ya shigo. Wata mata da ta zo sayen caja ta ja jakarta ta matsa gefe.

Wayar farko ta mayar da shi fari sol, ba ko tabo, amma ta yanke masa hannu daga gwiwa. Ta biyu ta ɗauki hannun, sai dai yatsun suna jan wutsiya. Ta uku, wadda aka fi yi wa kirari, tana bin fuskarsa duk inda ya karkata, ta dishe duk abin da ba fuska ba, har da hannuwan da ya zo dominsu. Dogo ya ture ta a hankali.

"Wai me kake nema ne, yallaɓai?"

"'Yata ba ta ji. Da waɗannan nake mata magana." Ya ɗaga manyan hannuwansa. "Ina son wayar da za ta ga yatsa biyar ta ce biyar ne."

Nan waƙar mai shago ta ƙare. Ya durƙusa ya jawo wata daga ƙasan kanta, baƙa, mai kauri, wadda ba a taɓa sa ta a taga ba. Ya ce mutane ba sa sonta saboda idon gabanta yana kwaso ɗaki duka, kuma ba ta yi wa kowa kwalliya. Shi da kansa ya kashe fitilar shagon don su ga yadda za ta yi a inuwar cikin mota. Dogo ya motsa yatsu, ya ƙara sauri, ya yi sunan Auta, wato yatsa biyu a kan kumatu. Komai ya fito tsaf, har da baƙin man inji da ke ƙarƙashin farcensa.

Ya biya kuɗinta, amma bai gaya wa kowa ba a gida. Washegari da rana, a wurin da manyan motoci ke layin shan mai, ya maƙale wayar a bayan sitiyari ya kira. Matarsa ta ɗauka.

"Baban Auta, ka san ba za ta zo ba."

"Ke dai juya mata wayar."

Auta na zaune a kan tabarma da littafin makaranta, ta ɗago da niyyar harara. Dogo ya sa yatsa biyu a kumatu, sannan ya ce mata da hannu: wa ya cinye min biskit ɗin da na ɓoye a aljihun riga?

Yarinyar ta ƙura ido. Ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin wayar, ta ja baya, sai hannuwanta suka ɓalle. Ta ce ba ita ba ce, yayanta ne. Kuma kyanwar maƙwabta ta haihu a cikin kwandon wanki. Kuma malamarsu ta faɗi a kan kujera. Kuma me ya sa gemunsa ya yi fari haka? Dogo yana dariya, hawaye na bin gemun, ya rasa hannun da zai share su da shi domin duka biyun suna aiki.

Layi ya motsa, motar gabansa ta wuce, na baya suka dame shi da ham. Wani direba ya sauko ya buga masa ƙofa yana masifa. Dogo ya sauke gilashi da gwiwar hannu, baki har kunne.

"Ku zagaya ta gefe, ɗan'uwa. 'Yata ce ke magana, ba ta gama ba."