Babban Yatsan Da Ba Nawa Ba

Shekara biyu na yi a layi kafin Baba Kafinta ya ƙera mini jitar lantarki. Guda huɗu kacal yake yi a shekara, a wani ɗan shago mai warin gam da garin katako, kuma ba ya sauri ko da gwamna ne ya aiko. Yana da wata ɗabi'a: gangar jikin jita zai yi mata fenti ta yi ta ƙyalli, amma bayan wuyanta, inda babban yatsa ke kwanciya, haka yake barinsa tsurar katako.

"Bayan shekara ka dawo da ita," in ji shi ranar da na karɓa. "Gumin hannunka zai nuna mini inda kake riƙewa, in fere wurin daidai da kai. In kuwa na tarar da wuyan fari fat, zan mayar maka da kuɗinka in ba wa na bayanka ita. Ba don ado nake yin su ba."

Na ce, "Haba Baba, ai sai dai ka ce in rage kaɗawa."

To, ga inda na yi wauta. Ni direban bas ne, Asabar kuma nakan yi wasa da abokaina a wani zauren taro. Jitar nan ta yi kyau har tana ba ni tsoro. Sau biyar na jona ta da lasifika, muryarta ta cika falo, sai na ga kamar zan ƙarje ta da maɓallin riga. Na goge ta, na mayar cikin akwatinta, na ɗora a kan kabad. Na ci gaba da kaɗa tsohuwar jitata ta kasuwa, wadda ko faɗuwa ta yi ba na juyowa.

Maman yara ta sha yi mini tsiya. Aikin safe take yi a asibiti, da azahar tana gida. Takan ce, "Baban yara, wannan amaryar taka ta kan kabad, yaushe za ta sauko mu gaisa?" Ni kuwa in ce ta bar ni da abina.

Kwanaki suka yi ta gudu, shekara ta cika. Ranar da zan koma, ko buɗe akwatin ban yi ba saboda kunya. Ina tafe ina shirya ƙarya: aiki ya yi yawa, hannu ya yi ciwo. Gaskiya hankalina ya tashi, don ina son jitar nan, ko da kuwa irin son da ba ya amfanar kowa ne.

Baba ya amsa gaisuwata, ya buɗe akwatin, ya kifa jitar a kan tebur, ya gyara gilashinsa. Ni dai ina kallon ƙasa.

"Madalla," in ji shi. "Ta sha hannu."

Na ɗago. Bayan wuyan ya yi duhu wuri uku, ya yi sumul kamar ƙotar tsohuwar wuƙa. Na san ba aikina ba ne, amma na ga gara in karɓi yabon.

"Kawo hannunka, Direba."

Ya kama babban yatsana ya ɗora a kan tabon. Yatsan ya rufe shi har da saura. Ya dube ni ta saman gilashi.

"Wannan ba naka ba ne. Mai shi hannunsa ƙarami ne, kuma yana wahala, don wuyan ya yi masa kauri. Duba yadda yake zamewa nan gefe. Amma kullum yana kaɗawa, ba fashi. Wa ke gida in ka fita?"

Yaranmu duk suna makarantar kwana. Nan take na tuna watanni ke nan Maman yara ta daina barin farce a hannun hagu, ni kuma na ɗauka dokar asibiti ce. Jitar lantarki in ba a jona ta ba, ko na ɗaki na gaba ba zai ji ta ba.

Na kira ta a waya, na tambaye ta. Sai ta tuntsire da dariya.

"Shekara goma sha biyar ina kallon yatsunka, ka ɗauka bango nake kallo? Tausayin jitar na ji, ita kaɗai a sama."

Cikin rabin awa sai ga ta a shagon, tana ta sunkuyar da kai. Baba ya miƙa mata jitar, ya jona ta da lasifika da kansa. Ta kaɗa waƙar da na fi yi a gida, a hankali, har da ɗan kuskuren da nake yi a tsakiya, don ta ɗauka haka waƙar take. Na yi dariya, idona ya kawo ruwa.

Baba ya ɗauko magagari. "In na fere daidai da ita, kai ba za ta ƙara zama maka a hannu ba. In ba haka ba kuwa, ka san sharaɗina. Yaya ka gani?"

Na dubi jitar da na jira shekara biyu, na dubi Maman yara da ta rungume ta kamar za a ƙwace.

"Fere, Baba," na ce.

Garin katako ya fara zuba a kan takalmina. Ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Kada ka damu, Baban yara. Ranar Asabar zan riƙa ara maka, in ka yi alkawarin ba za ka ɗora mini ita a kan kabad ba."