Miyar Arlene ta Ƙarshe

Da zafi ya fara shigowa hamadar Arizona, sai filin da ke bayan garin Quartzsite ya soma watsewa. Masu motocin gida, irin manyan nan masu ɗakin kwana da wurin girki a ciki, da suka gudo wa sanyin arewa suka naɗe rumfunansu, suka kwashe kujeru, kowa ya kama gabansa. Inda jiya ake jin haushin karnuka da ƙarar janareta, yau sai murhun duwatsu da toka. Delbert Hoskins, wanda kowa ke kira Del, bai motsa ba. Tsohon direban motar 'yan makaranta ne daga Nebraska, kuma tun da shi da matarsa Arlene suka sayar da gida suka koma rayuwa a mota, ita ce ke cewa a tashi, shi nasa murɗa makulli. Bana babu mai cewa a tashi. Arlene ta rasu a farkon sanyi.

Abin da ta bari bai taka kara ya karya ba: tabarau, kwandon zare, sai robobi huɗu na miyar wake da niƙaƙƙen naman sa a ɗakin ƙanƙarar firji. Ta dafa su ne kafin a kwantar da ita a asibiti, don ta san in aka bar shi da kansa biskit zai mayar abinci. Del bai taɓa ko ɗaya ba. Kowace safiya yakan buɗe firjin, ya danna murfin robar da yatsa, ya ji ta da tauri kamar dutse, ya rufe. Muddin suna nan, gani yake akwai sauran abincin da matarsa za ta ba shi.

Shi kuwa firjin motar gida abu ne mai tsirfa. Da wutar gas yake yin sanyi, zafinsa kuma yana bin wani lungu a bayan bango, iska ta shiga ta tagar ƙasa ta fice ta tagar sama. In rana ta doki wannan bangon sai ya yi zuciya. Del kuma ya ajiye motar yadda Arlene ta zaɓa tun bara, ƙofa na kallon duwatsun gabas inda take shan kofi da safe, bangon firji na kallon yamma, ranar la'asar na gasa shi son ranta. Wata safiya ya danna murfin, yatsansa ya ɗan nutse. Ƙanƙarar ta fara saki.

Ban da shi, mutum ɗaya ta rage a filin, Roz Quintero, tsohuwar mai gyaran gashi da ke zaune a wata ƙaramar farar mota can bayan kwari. Mace ce da ba ta tauna magana. Da ta ji labarin firjin, ta zo ta ɗora tafin hannu a bangonsa, ta janye da sauri.

"Juya motar, tsoho. Ka ba firjin inuwa, magana ta ƙare."

"A nan Arlene ta ce a tsaya," in ji Del.

"To ai ba ta ce ka soya kanka ba. Wannan taurin kan naka, ban san yadda baiwar Allahn nan ta yi da kai ba."

Ya kawar da kai. Da ta ga ba zai juya motar ba, ta koma motarta ta dawo da 'yan fankoki biyu baƙaƙe, kowacce ba ta wuce tafin hannu ba. Ta ce duk wanda ya daɗe a hamada da irinsu yake lallashin firjinsa. Ta yi masa bayanin inda za su zauna da wayar da zai jona su, tana yi tana nuna sama da yatsa. Del yana ta gyaɗa kai. Sai dai gyaɗa kan Del ba ji ba ne. Tun aurensu haka suke: likita ko makanike na magana, shi ya gyaɗa kai, Arlene ta saurara musu su biyu, a hanyar gida ta maimaita masa. Roz ta ce ko ta kafa masa, ya ce shi da ya yi rayuwarsa a gindin inji ba za a koya masa ɗaure fanka ba. Ta ce ita dai ta kusa haurawa duwatsun Flagstaff inda ake samun iska, in yana so ya biyo bayanta. Ya ce zai duba.

Washegari da sanyin safiya ya kafa tsani, ya kwance marfin tagar sama. Gwiwoyinsa na ƙara, gumi na shiga masa ido, amma ransa fari ƙal, don rabonsa da aikin da zai ce na Arlene ne tun ranar jana'iza. Ya juya fankar a hannu yana tunani. Fanka dai fifita ce, kuma wanda ke jin zafi shi ake yi wa fifita. Saboda haka ya ɗaure su biyun suna hura iska ciki, kan bututun firjin. Ya jona waya, suka ɗauka da wani siririn kuka mai daɗin ji. Ya sauko yana murmushi shi kaɗai, har ya ce wa kujerar Arlene, "Kin gani ko?"

Hankalinsa kwance ya hau ƙaramar motar da yake ja a bayan babbar ya shiga gari. Ya cika jarkokin ruwa, ya kai wanki, ya yi zamansa a shagon wankin yana shan sanyin na'ura har rana ta karya. Ba wanda ya yi masa magana, shi ma bai nemi kowa ba.

Da ya dawo, tun kafin ya buɗe firjin ya ga ruwa ya biyo ƙasan ƙofar. Ya ɗaga roba ɗaya, miyar ta yi motsi a ciki. Duk huɗun sun narke. Ya fita da sauri ya hau tsani, ya kara 'yar takarda a bakin tagar, fankokin suka zuƙe ta ciki. A nan ya tuna yatsan Roz da ke nuna sama. Zafi hawa yake yi yana neman mafita, aikin fankar ta ja shi waje. Shi kuwa ya yini yana danna shi yana mayarwa inda ya fito. Garin neman gira ya rasa ido. Ya daɗe a kan tsanin nan, haushin kansa ya cika shi, har ya rasa wanda zai zaga.

Arlene tana da doka: naman da ya narke ba ya komawa ƙanƙara. Ko a raye bai taɓa karya ta ba, balle yanzu. Ya shinshina, miyar da sauran sanyinta, ba ta lalace ba. Ya juye duka a babbar tukunya ya ɗora a wuta. Da ƙamshin ya tashi ya cika motar, sai da ya dafa bango. Ya rage wutar, ya sa hula, ya nufi bayan kwari don ya kira Roz, domin miyar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma yana son wani ya ɗanɗana ya ce lallai matar nan ta iya girki. Ya tarar da wurin fayau, sai sawun taya da ya miƙe arewa.

Ya dawo ya zuba a kwano ɗaya. A garinsu da burodi mai kirfa ake cin wannan miyar, shi kuwa ba shi da shi, sai ya haɗa da biskit. Ya zauna a ƙofar mota kusa da kujerarta. Cokalin farko ya ji barkonon ya ɗan yi yawa, kamar kullum, kuma kamar kullum ya buɗe baki zai faɗa wa Arlene. Kewarta ta taso masa gaba ɗaya. Ya yi kuka sosai, kukan da bai yi ba a asibiti, bai yi ba a maƙabarta, yana yi yana kai loma. Bai bar komai a kwanon ba.

Da gari ya waye ya sake hawa tsani ya juya fankokin. Aikin bai ɗauke shi komai ba. Iska mai zafi ta riƙa fitowa tana dukan fuskarsa, kuma kafin yamma firjin ya yi sanyin da bai taɓa yi ba tun da suka sayi motar. Sauran miyar ya ci da rana, ya ci da yamma, ya ci washegari, har ya kankare gindin tukunya da cokali.

Ya wanke robobin, ya goge su, ya rasa inda zai sa su, sai ya jera su a ɗakin ƙanƙara inda suka saba zama. Raɓa ta daskare a jikinsu fari fat. Da safe ya buɗe firjin kamar yadda ya saba, sanyi ya bugi fuskarsa, fankokin na ta aikinsu a bayan bango. Ya miƙa yatsa ya danna murfin, murfin ya lotsa.