Ɗinkin Mami Remi

"Ke Yeabu, zaren nan ja ne, ko idona ne ya fara yi mini ƙarya?"

"Ja ne, Mami."

"To zura mini. Kafar allurar nan kullum ƙara tsukewa take, kamar hannun maigidanki."

Na yi dariya na zura mata. Mami Remi maƙwabciyata ce a ƙauyen Regent, ita kaɗai a tsohon gidanta na katako. Shekara da shekaru tana yi wa ƙyallen teburi ado: furanni a gefe, kalma guda ta harshenta na Kiriyo a tsakiya. Ba ta sayarwa. Ta ce tana yarinya an taɓa rataya mata allo a wuya don ta yi Kiriyo a aji, to yanzu duk inda ta ga dama za ta shimfiɗa abinta.

Rannan "kushe" take ɗinkawa, wato sannu.

Wayarta ta yi ƙara, 'yarta Modupeh ce daga Landan. Aka miƙa wa ɗan Modupeh wayar, Mami ta yi ta zuba masa Kiriyo. Can yaron ya ce da Turanci, "Mama, me take cewa?"

Mami ta kife wayar a cinya. "Layin ne ba kyau," ta ce mini. Ban musa ba.

Ran Laraba da hantsi na kai mata shinkafa da miyar ganyen rogo. Na tarar da ita a kujera, kai a sunkuye, tabarau a ƙasa. Sau uku ina kiranta. Har abincin ya huce ban ajiye kwanon ba.

Ran arba'in da rasuwarta aka dafa wake, aka soya ƙosai, aka shimfiɗa ƙyallayen a teburan baƙi. Wani dattijo, Pa During, ya bi ɗaya da yatsa, ya karanta a fili.

"Kai! Rabona da jin kalmar nan tun kakata na da rai."

Ya ɗauke farantinsa daga kan ƙyallen, ya ci a cinya.

Washegari Modupeh ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, rungume da ƙyallayen.

"Anti Yeabu, akwatina ya cika. Ki riƙe."

"Ko ɗaya ba za ki kai wa yaron ba?"

Ta zari na sama, ba ta ko duba ba. Ta kulle gidan Mami, mota ta tafi da ita.

Da la'asar ruwa ya sauko. Daga tagata ina hangen wata akuya ta fake a ƙarƙashin matakalar Mami, tana tuƙa, har ruwan ya ɗauke.