Inna Juwairiyya da Auren Rabi Mai Ƙosai

"Tsaya, Sahinatu. Da tab ba shi ƙosan, mi tac ce mai?"

"Ta ce, 'Ga shi,' Inna."

"Ba ta hwaɗi sunanai ba?"

"Ba ta hwaɗa ba."

Inna Juwairiyya ta buga cinya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na ɗago ta na ba ta ruwa.

Maƙwabciyata ce a Bodinga, katanga ɗaya ta raba mu. Tun da yanar ido ta hana ta gani, ni nake kallon shirin barkwancin nan na Hayar Gidan Hassan duk Asabar bayan la'asar, in zo in ba ta labari. Aiki ne ja, domin ba ta yarda a tsallake ko gaisuwa.

Shirin ya kai zango na shida, mutane da yawa sun ce ya lalace. Amma Inna tana da nata lissafin. A cewarta, mai gidan hayar, Alhaji Hassan, da Rabi mai ƙosai, waɗanda kullum cikin faɗa suke, sun ɗaura aure a ɓoye tun zango na huɗu. Hujjarta ɗaya ce: a da Rabi gatsal take kiran sunansa, sai rana ɗaya ta daina. Matar kirki kuwa ba ta faɗin sunan mijinta.

Malama Munira, malamar firamare da aka turo daga Dandin Mahe, ba ta yarda ba ko kaɗan.

"Inna, masu rubutun ne anka sake. Ko a waya kowa haka yaka cewa."

"Yaran waya mi sunka sani ga aure? Shekara arba'in da ɗaya ni yi da Malam, ko bango bai ji sunanai ga bakina ba."

Haka suka yi ta yi har wata shida, muna gyaran albasa muna shan dariya. Ni dai tawa 'yar kai rahoto ce, ko da yake a raina bayan Malama nake.

Da aka sanar cewa kashi ɗaya ya rage a rufe shirin, Inna ta riga ta kwanta. Ƙafafunta sun kumbura, ko kunu sai da lallashi. An kai ta asibiti a Sakkwato, aka dawo da ita bayan kwana uku, ɗanta Jamilu bai gaya mana abin da likita ya ce ba, mu ma ba mu tambaya ba.

"Ni dai in ji ƙarshen wanga abu," in ji ta. "In Munira ta ji kunya, sai in tahi."

Da na ga yadda numfashinta ya koma, tsoro ya kama ni. Na zauna bakin katifarta na shirya ƙarya.

"Inna, an nuna. Ke ad da gaskiya, matatai ce."

Ta lalubo hannuna.

"Yau Juma'a, na jiyo masu zuwa masallaci. Idona yam mutu, ba hankalina ba. Ki bari sai gobe ki zo min da na gaske."

Kunya ta rufe ni, ita kuwa har da murmushi.

Ta rasu da hantsin Asabar ɗin. Aka yi mata sutura kafin azahar. Ranar babu wanda ya kunna talabijin a layinmu, kuma ban ji sha'awar tambayar kowa ba.

Sai bayan sadakar bakwai Malama Munira ta shigo gidana da wayarta, ta ce ita ma ta kasa kallo ita kaɗai. Muka zauna a gindin darbejiya. Wajen ƙarshe, Alhaji Hassan ya tara 'yan haya zai yi musu jawabi, sai Rabi ta fito daga ɗakinsa riƙe da hularsa, ta durƙusa ta miƙa masa. 'Yan haya suka saki baki.

Malama ta kife wayar a cinyarta, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ni kuwa ban san lokacin da na zura takalmi ba. Sai da na kai ƙofar ɗakin Inna na yi sallama, sannan na ga an naɗe katifar an jingine ta a bango.