Ankon Rumasa'u a Ofishin Akuya

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari da ban san sunansa ba, ina rungume da atamfar ankon bikin Rumasa'u.

Rumasa'u ƙawata ce tun shekararmu ta farko a jami'a, ɗaki ɗaya muka zauna. Ita ta sayar mana da ankon da kanta. Na biya ban ce uffan ba, don ba a taya kayan amarya. Daga baya na ga irinta sak a kasuwa, rataye a bakin wani shago, a rabin kuɗin. Wannan duk a farke ya faru. A mafarkin ne na ƙudura zan mayar mata da abarta kafin almakashi ya taɓa ta, tunda abin da aka yanka ba ya komawa.

A garin, titi ne ke tafiya, motoci suna tsaye wuri ɗaya, amma kwandasta yana karɓar kuɗin mota. Almakasai dogaye kamar shamuwa suna kiwo a bakin kwata, suna buɗe baki suna rufewa. Ɗaya ya ɗago ya dubi ledar atamfar da ke hannuna, ya biyo ni. Ba sauri yake yi ba.

Sai ga ni a layi, a ƙofar wani ofishi da ake mayar da kayan da aka saya da tsada. A gabana wani dattijo ne ɗauke da fili a faranti bisa kansa, ruwa yana ɗiga daga gefen farantin zuwa kafaɗarsa.

"Sannu Baba," na ce.

"Yauwa 'yata. Da rani na saye shi. Dillalin ya rantse mini bakin titi ne. Ashe da damina kogi ne ke kwana a ciki."

"Da kifi?"

"Da kifi ai da ba ki gan ni a nan ba."

A bayana kuma wani magidanci ne riƙe da igiyar rago. Ragon yana zaune a benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, mai shi yana tsaye. Ya ce ranar jajibirin Sallah ya saye shi, da gari ya waye farashi ya faɗi warwas. Na tambaye shi me ya hana shi yankawa.

"Hajiya, ta ina mutum zai sa wa kuɗinsa wuƙa a wuya?"

Ragon ya juyo gare ni ya ce, "Ni kaina na faɗa masa ban kai haka ba. Bai ji ba, wai maƙwabta na kallo."

Na waiga. Almakashin ya shigo layi, mutum uku ne tsakaninmu. Yana jiran nasa lokacin cikin ladabi.

Da layi ya zo kaina, mai kula da teburin ofishin akuya ce ja, sanye da tabarau, tana tauna hatimin ofis. Kusa da ita wani bunsuru yana gyangyaɗi a kan kujera mai juyawa. Na ajiye atamfar. Ta shinshina ta ta kawar da kai.

"Zuba take. Wannan ko ni ba zan ci ba. Nawa kika taya?"

"Ban taya ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ƙawata ce."

"To. Mu nan ba ma karɓar kaya, mai kayan muke kawo miki. Ki dubi tsabar idonta ki ce, kin yi mini tsada. Shi ke nan, kuɗinki zai koma jakarki da ƙafarsa."

Na ce, "Ba zai yiwu in tura mata saƙo a waya ba?"

Akuyar ta zunguri bunsurun. "Ka ji 'yan jami'a," ta ce. Bunsurun ya buɗe ido ɗaya ya rufe.

Babu ƙofar da na shiga, sai na gan ni a zauren biki. Fankoki a ƙasa suke juyawa, kujeru suna manne da rufi. Rumasa'u tana zaune a kan tulin atamfofi da ya kusa taɓa kujerun, hannuwanta sun sha lalle. Sauran ƙawayenmu suna tsaye a jikin bango, kowacce rungume da ledarta, kowacce tana kallon yatsun ƙafarta. Wadda ke kusa da ni, Hansatu, ta yi magana ba tare da ta motsa leɓe ba.

"Ki faɗa, Suwaiba. In kika faɗa mu ma mun samu."

"Ke me ya hana ki?"

"Ni ce babbar ƙawa."

Rumasa'u ta hango ni ta zamo daga kan tulin kamar yarinya a kan yashi.

"Ƙawas! Wallahi tun ɗazu ke nake nema. Kin ga kalar nan? Don ke na zaɓe ta, na ce babu wadda za ta karɓa kamar Suwaiba. Taki na fara warewa, tun kafin ta 'yan uwana."

Aka yi sallama a bakin ƙofa. Almakashin ne, yana cire takalmi.

Maganar tana nan a bakina, a shirye. Gajeriya ce, na maimaita ta a layi har ta yi santsi. Na dubi idon Rumasa'u kamar yadda akuya ta ce. Idonta ne na da, wanda ya kumbura da kuka daren da aka kwantar da ni asibiti muna aji biyu, ta kwana a kan tabarma kusa da gadona. Na ji jakata ta buɗe baki da kanta tana jira.

Na ce, "Allah ya sanya alheri."

Jakar ta rufe. Hansatu ta sauke numfashi, sauran ma suka sauke, har fankokin suka rage gudu.

"Amin, ƙawas. Af, na manta. Akwai gyalen da ke tafiya da ita, an kawo jiya."

"Nawa?"

Farashin ya fito daga bakinta ya sauka a tafin hannuna. Nauyinsa kamar dutsen guga, da ɗan ɗumi.

"Ba tsada," na ce.

Almakashin ya ƙaraso ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida. Sannan ya ce, "Hajiya, a fara?" Na warware atamfar na shimfiɗa masa a ƙasa. Na ga gefe ɗaya ya ɗan tattare, sai na tsuguna na riƙe masa bakin don yankan ya tafi daidai. Yana tafiya a hankali, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Aikinsa da tsabta, ba zan ɓoye ba.

Ƙarar ta yi ta ƙaruwa, ta koma tari, har na gane Babanmu ne a tsakar gida yake ta buga babur ɗinsa yana ƙin tashi. Na buɗe ido. Gari ya waye, ledar tana kan kujera inda na bar ta.

Na leƙa ta taga na ce, "Baba, in ya tashi ka sauke ni wajen tela."