Karas ɗin da Bai San Shigeo Ba

Shekara ashirin da shida muna cin amfanin gonar wani manomi, Shigeo. Mu gida goma sha huɗu ne a unguwarmu, kuma alkawarinmu da shi ɗaya ne tun farko: duk abin da ƙasarsa ta bayar za mu karɓa, da yawa ko kaɗan, mai kyau ko mai tsutsa. Kowace Laraba kwalaye sukan iso ƙofar gidana mu raba.

A shekarar da matarsa Hatsue ta rasu, guguwar teku ta sauka a watan Satumba, ruwa ya kwana uku a gonar. Muka ce to, wannan makon sai haƙuri.

Sai ga kwalaye cike taf. Na buɗe nawa, kokwamba miƙaƙƙiya sumul, kabeji ko huda ɗaya babu. Maƙwabciyata Kinuyo, wadda bakinta ba shi da linzami, ta ɗaga karas ta shinshina.

"Fumie, wannan karas ɗin bai taɓa ganin Shigeo ba."

Ba wadda ta yi dariya. Matan da ke da ƙananan yara suka ce in daga kasuwa yake sayowa, su sun fita daga ƙungiyar. Da gaskiyarsu. Sun shigo ne don su san hannun da ya shuka abin da 'ya'yansu ke ci.

Washegari ni da Kinuyo muka hau jirgin ƙasa zuwa gonar Shigeo. Muka same shi cikin laka yana tsince turakun tumatir. Da ya gan mu ya cire hula ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba. Bai yi musun cewa daga kasuwa ya sayo ba. Ya ce Hatsue ba ta taɓa barin kwali ya tafi rabi ba, shi kuma ya kasa zama wanda zai fara.

"Tsohon banza," in ji Kinuyo. "Shekara ashirin da shida ina cin tsutsarka, yau kuma za ka hana ni rabona na ambaliya?"

Ta naɗe hannun riga ta karɓi turakun.

Larabar da ta biyo, kowane kwali ganyen dankali ne dami ɗaya da 'yar kabewa mai tabo, laka a jikinta. Na tura wa Chizuru nata, cikin matan nan masu ƙananan yara ita ce ta fi ɗaga murya rannan. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauka. Ta tambaye ni yadda ake dafa ganyen. Na ce ta cire takalmi ta shigo.