Abin da Ya Ɓalle a Bakin Hansai

Saura ƙiris Hansai ta ƙi gaya wa kowa. Ko mijinta Abdulmumin bai sani ba, don ita ba mai yawan magana ba ce, balle maganar da za ta sa a leƙa mata baki.

Ƙuli-ƙuli take soyawa a gidansu da ke Gafasa. Duk mai suyar ƙuli ta san ba a gane ya soyu da ido, sai an tsamo ɗaya an fifita an gatsa. Wata rana ta gatsa, sai ta ji wani ƙas da ba na ƙuli ba. Ta tofo a tafin hannu, ta ga wani ɗan ɓalli mai tauri, rawaya-rawaya, gefensa baƙi. Ta kai harshe bayan haƙoranta na ƙasa, ta ji gurbi mai kaifi.

Haka innarta ta fara: jini a dasashi, sannan haƙoran suka bi juna, tun ba ta aurar da 'yar fari ba. Har yau sai an jiƙa mata ƙosai a cikin koko, naman layya kuwa sai dai ta tsotsa. Hansai ma ta daɗe tana ganin jini in ta yi asuwaki, shi ya sa tun damina ta daina, wai kar ta riƙa fama ciwon. Kurkura kawai take yi. Ga shi duk da lallaɓawar, haƙori ya fara marmashewa.

Ta ƙulle ɓallin a ƙyalle, ta daina gatsa komai. Sai ƙulinta ya fara fitowa da danshi a ciki.

Iya Falmata, maƙwabciyarta da ke kai mata shi kasuwar Ajingi, ta shigo da ragowar a roba.

"Ke 'yar nan, wannan ƙuli ne ko tunkuza? Har wani ya tambaye ni ko kin mutu ne aka canza hannu."

Hansai ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta kwance ƙyallen ta miƙa mata. "Iya, haƙorina ne. Irin na Inna ne ya kama ni."

Iya Falmata ta juya abin a hannu, ta daina raha. "Mai gidan ya sani?"

"A'a."

"To ni zan gaya masa. Gobe asibitin Gaya za mu. Ba zan zuba ido ki koma shan farau-farau da ƙuruciyarki ba."

A asibitin, ɗakin masu haƙori yana can ƙarshen baranda. Ma'aikaciyar, wata siririya mai suna Adawiyya, ta kwantar da Hansai a doguwar kujera, ta haska mata fitila a baki, ta bi haƙoran tana taɓa su da ɗan ƙarfe. Sannan ta karɓi ƙyallen ta duba.

"Baiwar Allah, wa ya ce miki haƙori ne wannan?"

"Daga bakina ya fito."

"Daga bakinki ya fito, amma ba haƙori ba ne. Kin san ƙanzo a gindin tukunya? To haka ragowar abinci da yawu suke taruwa a gindin haƙori har su daskare kamar dutse. Shi ke ci miki dasashi yana sa jini. Haƙoranki na nan da ƙarfinsu, babu mai girgiɗi."

Iya Falmata ta ce, "Ta ma daina asuwaki don kar ya ƙaru."

"Ai nan ta ba shi fili. In an bar shi ya shekara da shekaru, shi ne ke kai mutum ga zubewar haƙora. Ke dai kin zo da wuri."

Adawiyya ta ɗauko wani abu kamar biro mai igiya, yana ƙugi irin na sauro yana fesa ruwa. Hansai ta damƙe bakin hijabinta ta rufe ido. Akwai tsami, musamman a ƙasa, amma bai kai ƙunar mai da ta saba sha a wajen suya ba. Duk lokacin da aka ce ta tofar, sai ta ga ɓarɓashi irin wanda ta ƙulle, wasu har sun fi shi girma.

Da aka gama ta zagaya da harshe, sai ta zabura. Ko'ina ƙofofi, iska na shiga.

"Wayyo, Malama, kin rage min su!"

Adawiyya ta yi dariya ta miƙa mata madubi. "In kin kankare ƙanzo, tukunyar kika rage? Ƙofofin nan da su aka halicce ki, datti ne ya toshe su. Kumburin zai sauka, dasashin ya kama jikinsa."

Hansai ta duba. Ga su nan reras, har da 'yar wushiryar ƙasa da ta manta tana da ita. Hawaye suka zubo mata tana murmushi.

"Iya, ke ma hau mana," in ji Adawiyya, tana kallon jajayen haƙoran tsohuwar.

"Ni? Wannan jan na goro da fure ne, yarinya. Tun ina budurwa nake tara shi. Ki wanke min, Malam ya ce ba ni ya aura ba?"

Washegari bayan sallar asuba, Hansai ta ɗumama ruwa ta sa ɗan gishiri kamar yadda aka ce mata, ta tsuguna bakin magudana da sabon buroshi. Ta goga a hankali, ciki da waje. Da ta tofar ta ga ɗan ja a kumfar. Hannunta ya tsaya. Ta dube shi jim kaɗan, sannan ta mai da buroshin baki ta ci gaba da gogawa.